Jaka Biyu a Gida Ɗaya: Tarihin Dukiyar Miji da Mata a Ƙasar Hausa

Tun kafin zuwan Turawa, dukiyar miji daban take da ta matarsa a ƙasar Hausa, kuma shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya, wadda ta ƙara kafuwa bayan jihadin 1804, ta tabbatar da wannan rabuwa, domin ta ɗora wa miji ci da sha da sutura da muhalli, ta kuma bar wa mace sadakinta da gadonta da duk abin da hannunta ya samo. Mahaɗar jakunkunan biyu ita ce cefane, wato kuɗin kayan miya da maigida ke bayarwa kowace safiya, tare da hatsin da ake auna wa mai girki daga rumbu.

Bayan hana bauta a farkon ƙarni na 20, kulle ya bazu har cikin ƙauyuka, kuma masanin nan M. G. Smith ya danganta hakan da ƙyamar da mata suka riƙa yi wa aikin gona, wanda a da ake ganin na bayi ne. Sai dai zaman gida bai raba mace da kasuwa ba, illa ma ya shigo da kasuwar cikin gida, inda ake kaɗi da dama fura da suyar ƙosai, yara kuma su fita talla. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 noman gyaɗa ya bunƙasa, sana'ar mai da ƙuli-ƙuli ta samu gindin zama, har magidanci kan sayar wa matarsa gyaɗar da ya noma kamar yadda zai sayar wa baƙo. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina ta kuma wallafa littafinta a 1972, ta nuna cewa wannan ɓoyayyen ciniki na bayan katanga yana da nauyi sosai a tattalin arzikin ƙauye.

Ribar mace ba ta cika shiga tukunyar gida ba. Takan zuba ta a adashi, inda kowace 'yar ƙungiya ke kwasa idan zagaye ya zo kanta, ko ta sayi akuya, ko ta tara tasoshi da kwanuka don kayan ɗakin 'yarta, kuma wannan dabara ce mai ma'ana a al'ummar da kishiya da saki ba baƙin abubuwa ba ne.

Tsarin ya fara sassautawa ne da yaɗuwar aikin albashi, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da darajar naira ta faɗi har albashin maigida ya daina kaiwa ƙarshen wata, kuɗin mata suka shiga biyan makaranta da magani. Duk da haka hukuncin shari'a bai sauya ba, domin abin da mace ta ranta wa mijinta bashi ne da take da ikon nema a gaban alƙali.