Gudun turbar duwatsu a bakin tafkunan ƙanƙara

Gudun turbar duwatsu nau'i ne na tseren ƙafa da ake yi nesa da kwalta da filin wasa, a kan 'yan siraran hanyoyin da sawun mutane da na dabbobi ya fitar a jikin tsaunuka. Mafi wuyarsa shi ne wanda ake yi can sama, inda itace ya daina tsirowa, tafkuna masu tsananin sanyi kuma suke kwance a tsakanin duwatsu. A gudun fanfalaki na cikin gari tsawon hanya kawai ake ƙirgawa. A nan kuwa ana haɗawa da yawan mitocin da ɗan tsere zai hau ya kuma sauka, kuma wannan lissafi na biyu shi ya fi kayar da mutane.

Yadda tafkin ke samuwa

Mutumin garin Ƙanƙara na Jihar Katsina ya san kalmar a sunan garinsu, ya santa a ruwan da kan zo da ƙanƙara ya kakkarya shuka, ya kuma santa a kular mai sayar da zoɓo. Wadda ake magana a nan ta sha bamban. Dusar ƙanƙara ce da ke zuba a kan tsauni shekara bayan shekara ba ta narke ba, har ta danne kanta ta zama tudu guda mai kauri, sannan nauyinta ya sa ta riƙa gangarowa a hankali kamar kogi. Tana tafe tana kankare kwari, tana tura duwatsu da tsakuwa a gabanta. Idan ta narke ta ja baya, sai ta bar rami da tsibin duwatsu a bakinsa kamar madatsa, ruwa ya taru. Garin dutsen da ta niƙa shi ke ba ruwan launin shuɗi mai shigen kore da ake gani a hotuna.

Wannan tarihi ne ke bayyana irin ƙasar da ake gudu a kanta. Tsibin da ƙanƙara ta bari ba shi da ƙasar da za ta riƙe shi, dutse yana kan dutse ne kawai, sai an taka ake sanin wanda zai motsa. Shi ya sa targaɗe da karaya suka fi yawa wajen gangara, lokacin da cinyoyi suka riga suka mutu, idanu kuma suka gaji da zaɓar wurin sa ƙafa.

Abin da tsauni ke yi wa jiki

Duk mita 1,000 da aka hau, zafin iska kan ragu da kusan digiri 6.5. Iskar ma sai ta yi shara-shara: a wajen mita 5,500, abin da huhu ke samu a numfashi ɗaya bai wuce rabin abin da yake samu a bakin teku ba. Tun daga mita 2,500 wanda bai saba ba kan fara jin ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Idan ya yi taurin kai ya ci gaba da hawa, ruwa na iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma babban maganin hakan shi ne a sauko da shi nan take. Domin kwatance, dutsen da ya fi tsawo a Najeriya, Chappal Waddi na Jihar Taraba, mita 2,419 ne, wato bai ma kai inda wannan ciwo ke somawa ba.

Akwai batun da ya shafe mu musamman. Ƙarancin iska da rashin ruwa a jiki da aikin ƙarfi suna tayar da ciwon sikila, kuma ko mai rukunin jini na AS, wanda lafiyarsa lau a gida, yana iya gamuwa da matsalar saifa a can sama. Duk mai niyyar zuwa ya fara ganin likita.

Manyan tsere

Tseren da ya fi suna shi ne UTMB, wanda aka fara a 2003. Ana tashi daga garin Chamonix na Faransa a ƙarshen watan Agusta, a kewaye dutsen Mont Blanc ta Italiya da Suwizalan, a dawo inda aka tashi: sama da kilomita 170, da hawan da jimillarsa ta kai mita 10,000. Hanyar kan bi ta gefen tafkin Combal, wanda tsibin duwatsun ƙanƙara ya datse, yanzu kuma laka ta kusa mayar da shi fadama, sannan ta ratsa Champex, ƙauyen da ke bakin wani tafkin. A shekarar farko fiye da mutum 700 suka tashi, 67 suka ƙarasa, Dawa Dachhiri Sherpa na Nepal ya zo na ɗaya. Kilian Jornet na Sifen ya lashe shi sau huɗu, Courtney Dauwalter ta Amurka sau uku. Zakaru kan gama cikin kimanin awa 20, na baya kuma su kwana biyu a hanya.

A Nepal ana yin wani kowace 29 ga Mayu. Ana tashi daga sansanin da ke gindin Everest, sama da mita 5,300, a bi gefen ƙanƙarar Khumbu zuwa garin Namche Bazaar. Masu shigarsa kan shafe kusan mako biyu suna hawa da ƙafa kafin ranar, don jiki ya saba.

A UTMB ba a barin kowa ya tashi sai da rigar ruwa, da fitilar goshi biyu irin ta maharba, da usur, da waya, da bargon leda mai riƙe ɗumi. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin iyayi, abin da ya faru a lardin Gansu na Sin ya ishe shi amsa. Ranar 22 ga Mayun 2021 mutum 172 suka shiga tseren kilomita 100. Da rana tsaka iska da ruwan ƙanƙara suka same su a kan tudu, akasarinsu da gajeren wando da 'yar shara, domin ba a wajabta rigar sanyi ba. Mutum 21 suka mutu, har da Liang Jing, ɗaya daga cikin gwanayen ƙasar. Wani makiyayi ne ya ceci shida, ya kai su kogon da yake fakewa ya hura musu wuta.

A Afirka da nan gida

Tafkunan ƙanƙara na Afirka suna gabas: a kan Dutsen Kenya, da kuma tsaunukan Rwenzori na iyakar Yuganda da Kwango, inda tafkin Bujuku yake, ƙanƙarar kanta kuma tana ta ƙarewa. A namu yankin duwatsun ne kaɗai. Tun 1973 ake tseren hawa Dutsen Kamaru daga garin Buea, inda Sarah Etonge ta yi nasara sau bakwai. A Najeriya, tseren Obudu na Jihar Kuros Riba ya soma a 2005 zamanin Gwamna Donald Duke, kilomita 11 da ɗoriya, hawa zalla, da kyautar dala 50,000 ga na ɗaya. Yawanci 'yan Habasha da Kenya da Yuganda suka riƙa kwashe kuɗin, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda a kan tudu aka haife su.

Kudu maso yammacin Katsina ba ta da irin wannan tsayi, amma tana da rabin abin da wasan ke buƙata. Tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa akwai fa da duwatsu da kwazazzabai da burtalai, akwai kuma makiyaya da mafarauta da suka san hawa da gangara tun suna yara. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsaro. Ta cikin dazukan nan aka kora ɗalibai fiye da 300 na makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a ƙasa, bayan sace su a daren 11 ga Disamban 2020, kuma manoma da dama sun daina zuwa gonakinsu na bakin daji, balle a yi zancen tsere. A shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta sa dajin Kogo cikin sababbin gandun daji goma na ƙasa da ta amince da kafawa.