Tarihin Bencin Kafinta, Da Yadda Na Haɗa Nawa Da Kuɗin Ɗalibi

Ɓarna ce ta kai ni ga binciken tarihin bencin kafinta. A shekarata ta biyu a nan Leeds, na sayi tsohon zarto da filen, wato abin da kafintoci ke goge fuskar katako da shi, a kasuwar gwanjon da ke ci ranar Lahadi, da niyyar in haɗa wa kaina 'yar kantar littattafai. Da yake ba ni da wurin aiki, sai na ɗora katakon a kan teburin cin abinci na gidan da muke haya, na sa gwiwa na danne. Katako ya zame, zarto ya shiga gefen tebur. Ranar da za mu tashi daga gidan, mai gida ya zagaya da 'yar takardarsa, ya zabtare fam 80 daga kuɗin ajiyarmu. Har yau abokan zamana ba su daina yi mini tsiya ba.

Da na je neman bencin aiki na gaske, sai na tarar masu kyau, irin waɗanda ake kawowa daga Suwidin, kuɗinsu ya fi hayar ɗakina ta wata guda. Masu arahar kuwa, ko hannu ka ɗora sai su yi rawa. A nan ne tambaya ta zo mini: kafintocin da, waɗanda yawancinsu talakawa ne, a kan me suke aiki, kuma da me suka haɗa shi? Wannan tambaya ce ta cinye mini hutun hunturu a laburare, a lokacin da ya kamata a ce karatun jarrabawa nake yi.

Abu na farko da na gane shi ne, ba kowane mai aikin itace ne ke buƙatar benci ba. Kakana masassaƙi ne, kuma ban taɓa ganinsa a tsaye yana aiki ba. A ƙasa yake zama, ya tokare guntun kirya da ƙafa, ya yi ta sara da gizago har turmi ya fito. Gizago daga sama yake faɗowa, ƙasa ce ke karɓar bugun. Filen kuwa da hannu biyu ake riƙe shi a tura gaba, don haka babu hannun da ya rage na riƙe katako, dole a sami abin da zai tsayar da shi, kuma abin ya zama shimfiɗaɗɗe, ba ya motsi. Saboda filen aka yi benci. Su kansu kalmomin "benci" da "kafinta" sun isa su nuna mana cewa daga bakin Bature muka aro su, alhali "gizago" da "sassaƙa" namu ne tun fil azal.

Tsofaffin bencinan da ake da shaidarsu na Rumawa ne. A garuruwan Pompeii da Herculaneum na ƙasar Italiya, waɗanda dutse mai aman wuta na Vesuvius ya binne a shekara ta 79 Miladiyya, an sami zane-zanen bango da ke nuna masu aiki a kan wani gajeren benci. Sa'an nan a Saalburg, wani sansanin sojan Rum da ke kusa da Frankfurt a Jamus, an tono ainihin irin wannan benci daga cikin wata tsohuwar rijiya, inda laka ta hana shi ruɓewa tun ƙarni na 2. Falanki ne guda mai kauri na itacen oak, da ramuka inda ƙafafu ke shiga. Tsayinsa daga ƙasa bai wuce gwiwa ba. Mai aiki hawa yake yi ya zauna a kan katakon da yake yanka, nauyin jikinsa ya zama abin matsewa, ko kuma ya tokare shi da 'yan turaku da aka kafa a ramuka. Da na ga hoton sai na ce, ashe tsakanin Barume da kakana tazarar ba ta da yawa.

A zanen Herculaneum akwai wani ƙarfe da har gobe ake amfani da shi, wanda zan kira madanni. Siffarsa kamar lamba 7 ce. Ana zura doguwar ƙafarsa a ramin da ke jikin benci, a ɗora bakinsa a kan katako, a buga masa guduma sau ɗaya a ka. Bugun yana sa ƙafar ta karkace a cikin ramin ta cije, sai katako ya kafe kamar an yi masa ƙusa. In an gama, a buge shi ta ƙeya ya saki. Babu zare, babu noti, kowane maƙeri zai iya ƙera shi.

Wannan gajeren benci ya daɗe a Turai fiye da shekara dubu. A hankali ya riƙa tashi sama, mai aiki ya miƙe tsaye. A 1505 wani mutumin Nuremberg mai suna Martin Löffelholz ya zana benci mai bayis, wato abin matse katako mai zare, ɗaya a gaba ɗaya a ƙarshe. A Ingila kuwa, Joseph Moxon, haifaffen Wakefield da ke nan kusa da mu, shi ne ya fara bayanin sana'ar kafinta da Turanci a jerin ƙasidun da ya soma bugawa a ƙarshen shekarun 1670, duk da cewa zanen kayan aikin nasa daga littafin wani Bafaranshe, André Félibien, ya kwaso.

Amma bencin da ya fi kowanne suna a yau shi ne na André-Jacob Roubo, kafintan birnin Faris da aka haifa a 1739. Ɗan kafinta ne, jikan kafinta, ya tashi cikin talauci, ya koyi zane da lissafi bayan ya tashi daga aiki. Tsakanin 1769 da 1775 ya fitar da babban littafinsa L'Art du Menuisier, kuma a zane na 11 ya nuna shagon kafintoci da bencinansu. Saman bencin falanki ne guda ɗaya na itace mai tauri, kaurinsa inci 5 zuwa 6, faɗinsa wajen inci 20, tsawonsa kuwa yakan kai ƙafa 9. Ƙafafu huɗu masu kauri sun huda saman sun fito, kuma fuskarsu daidai take da gefen benci, domin a iya jingina ƙofa ko dogon katako a matse. Mafi yawan riƙon aiki, turke mai haƙoran ƙarfe da madanni ne ke yinsa. Na zauna na yi lissafi, saman kaɗai zai kai kilo 150. Dabarar Roubo ke nan, nauyi. Abin da ya yi wannan nauyi ba ya gusawa komai ƙarfin turin filen.

Na yi sha'awarsa ƙwarai, har sai da na tambayi kuɗin falanki mai irin wannan kauri. Na fita daga shagon ban ko yi sallama ba. Ko da ma an ba ni kyauta, wa zai taya ni ɗauka duk lokacin da haya ta ƙare? Shi kansa Roubo bai mutu da dukiya ba, juyin juya halin Faransa na 1789 ya watsa masu kuɗin da yake yi wa aiki, ya rasu a 1791.

Wanda ya cece ni shi ne Peter Nicholson, mutumin Sukotilan da aka haifa a 1765, ɗan mai sassaƙar dutse, wanda ya koyi aikin kafinta kafin ya zama malamin lissafi da zanen gini. A littafinsa Mechanical Exercises na 1812 ya kwatanta bencin da kafintocin Ingila ke amfani da shi, kuma ya sha bamban da na Faransa. Samansa siraran falankai ne masu kaurin inci ɗaya da rabi zuwa 2, an shimfiɗa su a kan 'yan katakai da aka gitta a ƙasa. A gaba da baya an kafa faffaɗan allo a tsaye, an haɗa shi da ƙafafu. Allon gaba yana da ramuka a jere, inda ake sa turke ya tallafi dogon katako idan za a goge gefensa. In ka kife bencin, kamar akwati yake marar murfi.

Sirrin yana cikin allunan nan na gefe. Ɗauki rula ka lanƙwasa ta a kwance, za ta bi ka. Juya ta a kan gefenta ka sake gwadawa, ba za ta yarda ba. Falanki mai faɗin inci 9 da kaurin inci ɗaya da rabi, in ka tsayar da shi a kan gefensa, ƙin lanƙwasarsa ya ninka na kwance sau 36. Su ne kuma ke hana ƙafafu yin gaba da baya idan ana turi. Abin da Bafaranshe ya samu da tulin itace, Baturen Ingila ya same shi da tsari.

A ganina, aljihu ne ya koya musu wannan dabara. Ingila ta daɗe da cinye manyan dazuzzukanta, itacen oak mai kyau kuma jiragen ruwan yaƙi ne ke da haƙƙin farko a kansa. Kafintan gini ya dogara ne da katako mai laushi da ake shigowa da shi a yanke daga Nowe da ƙasashen tekun Baltik. A daidai shekarun da Nicholson ke rubutu, Napoleon ya rufe wa Ingila tashoshin ruwan Turai tun daga 1806, katakon Baltik ya yi tsada, har Ingila ta koma sayowa daga Kanada. Mutumin da ke cikin wannan hali ba zai zuba falanki mai inci 6 a kan abin da ba sayarwa zai yi ba. Ƙari a kan haka, mai aikin ƙofofi da tagogi yakan bi gini ne, don haka yana son bencin da zai haɗa a wurin aiki da ƙusa cikin yini ɗaya ko biyu.

Daga baya masana'antu suka shigo. Bayis na ƙarfe ya yi araha, irin na Record da aka riƙa yi a Sheffield ya cika makarantu da shaguna, madanni ya kusa ɓacewa. Da injina suka karɓe aikin filen, benci ya koma teburin ajiye tarkace. A shekarun 1960 Ron Hickman, mai zanen motocin Lotus, ya ƙirƙiro ɗan benci mai naɗewa, wanda Black & Decker suka riƙa sayarwa da sunan Workmate daga farkon shekarun 1970. An ce dalilinsa shi ne ya yanke kujerar gidansa garin yankan katako, abin da ya ɗan sanyaya mini rai. Sai dai Workmate ba shi da nauyin da zai jure filen. Marubuta irin su Christopher Schwarz na Amurka, da littafinsa na 2007, su ne suka dawo da hankalin mutane kan Roubo da Nicholson, suka kuma nuna cewa katakon gini na yau da kullum ya wadatar.

To, nawa na Nicholson ne. Na je wurin masu sayar da tsofaffin kayan gini na sayi falankai shida irin waɗanda magina ke takawa idan suna aiki a sama. A nan Ingila faɗinsu milimita 225 ne, kaurinsu 38, wato inci 9 da inci ɗaya da rabi, daidai da ma'aunin 1812. Na yanke bakunan da ke da ƙarfe, na kankare simintin da ya maƙale da buroshin waya, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta dakushe bakin filen. Na bar su mako uku a cikin gida su bushe. A garejin sabon gidanmu na yi aikin, da izinin mai gida a rubuce wannan karon.

Matsalar farko ita ce, ana buƙatar benci kafin a haɗa benci. Sai na yi irin ta Rumawa, na ɗora falanki guda a kan bulo, na hau na zauna a kan abin da nake yanka. Ƙafafu na yi su ne ta hanyar manne falanki biyu da gam. Tsawon bencin ƙafa 5 ne, faɗinsa inci 22. Nicholson ya ba da tsayin ƙafa 2 da inci 8 daga ƙasa, amma filen na zamaninsa na itace ne mai tudu, nawa kuwa na ƙarfe ne, don haka na kai shi inci 35 saboda bayana. Allunan gefe da ƙafafu na haɗa su da manyan ƙusoshi masu noti, ta yadda zan iya kwance shi gida biyar ya shiga bayan mota.

Na yi kurakurai biyu. Na ɗaure saman da sukuru ban nutsar da kawunansu sosai ba, ranar da na zo daidaita fuskar bencin filen ya ci karo da ɗaya, na kwana ina wasa baki. Na biyu, na huda ramuka na milimita 19 na sa madanni, ya ƙi cijewa, saboda saman ya yi siriri. Sai da na manna guntayen katako a ƙarƙashin kowane rami, kaurin ya ninka, sa'an nan ya kama. Da na ga bencin yana ɗan ja da baya idan na matsa, na yi masa kanta a ƙasa na ɗora buhun yashi biyu. Bayis ban saya ba sai bayan wata huɗu, tsoho, a kasuwar da na sayi zarton.

Duka-duka, da katako da gam da ƙusoshi da madanni biyu, na kashe fam 95, wato fam 15 kacal a kan abin da teburin cin abinci ya ci mini. Kantar littattafan tana ɗakina, ta ɗan karkace ta hagu amma tana tsaye. Duk ɗan ƙungiya da ke son gwada hannunsa, garejin a buɗe yake ranar Asabar bayan azahar, sai dai kowa ya zo da katakonsa.