Katanga, Danga Da Kare: Tarihin Hukuncin Cutar Maƙwabci

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, duk wanda ya zauna a Dutse ya san cewa da zarar damina ta yi nisa, ƙorafi biyu ba sa yankewa a ƙofar mai unguwa: katangar da ke tsakanin gida biyu ta faɗi, wa zai gina? Ko karen wane ya ciji ɗan wane, wa zai biya magani? Matasa da yawa suna zaton sabuwar matsala ce. Alhali malaman Malikiyya sun yi mata hukunci tun fiye da shekara dubu.

Asalin hukuncin yana cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira. Taguwar Bara'u ɗan Azib ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, sai Annabi (SAW) ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan mai gona, ɓarnar dare kuma tana kan mai dabba. Wato an raba nauyin biyu: wannan ya gyara dangarsa, wancan ya kula da turkensa.

Daga nan Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 386 Hijira (996 Miladiyya), ya shigar da wannan hukunci cikin Risala, littafin da ake karantawa a zaurukanmu har gobe. Ya kuma bayyana cewa idan biyu suka yi jayayya kan katanga, ana ba wanda ɗauri da haɗin ginin suke ta wajensa. Bai yarda a ajiye kare a cikin gida ba, sai na kiwo ko noma ko farauta. Sai dai masu sharhi sun ruwaito cewa da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, shi kansa ya ajiye kare. Da aka tuna masa ra'ayin Malik, ya ce da Malik ya ga zamanin, da zaki zai ajiye. Da wannan ne wasu malamai suka kafa hujjar halaccin karen gadi.

Halaccin ajiyewa bai sauke nauyi ba. Muhtasar na Shaihu Halil, wanda ya rayu a Masar a ƙarni na 14, ya ɗora wa mai kare mai cizo da mai katangar da ta karkata sharaɗi iri ɗaya: idan an gargaɗi mai su, ya sami damar gyarawa bai gyara ba, to abin da suka lalata yana wuyansa. Wanda ya rushe katangar da ke suturta maƙwabcinsa don ya cuce shi, za a tilasta masa mayar da ita. Idan kuwa da kanta ta faɗi, ba a tilasta shi. Haka nan ana umartar mutum ya bar maƙwabcinsa ya shigo gidansa don gyaran katanga.

Waɗannan littattafai su ne madogarar alƙalan ƙasar Hausa. Bayan jihadin 1804, Dutse ta kasance ƙarƙashin masarautar Kano, inda Shaihu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta wa masu mulki Diya'ul Hukkam. Turawa sun ci Kano a 1903, amma suka bar kotunan alƙalai suna shari'ar irin waɗannan ƙararraki. A ƙauyukan Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu kuwa, al'ada ta bi wannan tsari: a ɗaure dabbobi da damina, a sake su bayan girbi, a bar wa makiyaya burtali, idan an yi ɓarna dagaci ya tura dattawa su kimanta.

Al'amura sun sauya tun daga 27 ga Agusta, 1991, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birninta. Ma'aikata suka kwararo, unguwanni irin su Takur da Danmasara suka bunƙasa, katangar bulo ta maye gurbin darni, karen gadi ya shigo gidajen da maƙwabta ba su san juna ba. Ko da jihar ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, littattafan da alƙalai suke dubawa dai su ne na jiya.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, idan ka ga katangar maƙwabcinka ta tsage ko karensa yana kai wa yara hari, kada ka yi shiru sai ɓarna ta auku. Ka same shi da ladabi, in bai ji ba ka gargaɗe shi gaban shaidu ko mai unguwa, domin gargaɗin nan ne yake tabbatar da hakki. Idan kuwa kai aka gargaɗa, ka sani daga ranar nan nauyin ya hau kanka. Cizon kare yana iya jawo ciwon hauka, wanda in alamunsa sun bayyana kusan ba a tashi. A wanke raunin da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti, mai kare ya ɗauki kuɗin ba tare da an kai shi ƙara ba.

Allah Ya sa mu cikin waɗanda maƙwabtansu suka aminta daga cutarwarsu. Wallahu a'alam.