Duba Shokazoban Gaba Bayan Babur Ya Faɗi

Babur kan zame a yashi ko taɓon hanyar gona ko da kana tafiya a hankali. Sau da yawa ƙarfen shokazoban gaba bai lanƙwashe ba, murɗewa kawai ya yi a cikin maƙalarsa. Amma ka tabbatar kafin ka ɗora buhun taki, domin gaban da ya karkace yana jan babur gefe, yana kuma cinye taya.

Yadda za ka duba:

1. Tsayar da babur a wuri mai shafe, ka hau, ka miƙe tayar gaba. In hannun babur ya kalli gefe, akwai matsala.
2. Ɗora guntun gilashi a kan sandunan shokazoba biyu. In ya kwanta lif, suna daidai. In yana rawa, sun murɗe.
3. Danna gaban sau da yawa. Ya kamata ya sauka ya dawo ba tare da cijewa ba.

In murɗewa ce, sassauta notocin maƙala ta ƙasa da notin tsakiyar taya, ka bar na sama a ɗaure don kada gaban ya zube. Jingina tayar da bango, ka danna sau biyar ko shida, sannan ka ɗaure su tam.

In ka ga mai na yoyo, ko tsagewa, ko gilashin bai daina rawa ba, kai wa bakanike. Kada ka buga ƙarfen da guduma. Gwada tuƙi ba kaya tukuna.