Daga Berliet zuwa Okaziyo

Da jaki da raƙumi kakanninmu suka yi fatauci. Da Faransawa suka karkata gyaɗar Nijar zuwa tashar Kwatano a shekarun 1950, sai ga jirgin ƙasa iyakarsa Faraku. Ragowar tafiyar, ta Gaya har Maraɗi, sai a bayan mota. A nan Berliet ta shiga rayuwarmu, a nan kuma yaran mota suka zama direbobi, wasunsu suka tara har suka mallaki tasu.

Burin kowannensu sabuwa fil. Janairun 1994 ya rusa wannan buri: aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin duk abin da ke zuwa daga Faransa ya ninka dare ɗaya. Daga nan muka rungumi okaziyo, motocin da Turawa suka ci moriyarsu suka turo mana ta teku.

Kada mu ce talauci ne kaɗai. Mai mota guda, wanda shi ne direbanta, ba ya da ta biyu da za ta ciyar da gida in wannan ta kwanta. Tsohuwa in ta tsaya a daji, bakanike da sifana ya isa, kayan gyaranta kuma suna kasuwa. Ta zamani ba ta shan mai sosai, gaskiya ne, amma ciwonta sai kwamfuta ke ganewa, ga bashin banki ba ya jira. Sunan Berliet ya ɓace daga masana'anta tun 1980, motocinta kuwa sun daɗe bayan haka suna hawa hanyar Doso da lodi.