Daga eriyar gora zuwa dikoda: yadda hoton talabijin ya riƙa kaiwa ɗaki na biyu

Idan ka taɓa sayen ɗan ƙarfen nan mai baki uku da ake kira sifilita, ka jona a wayar dish don ka kai hoto ɗakin Hajiya ko shagon samari, sai ka ga rabin tashoshin sun ɓace, to ba lallai jabu aka sayar maka ba. Kayan zamanin eriya ka saka a aikin zamanin dish. Bari mu ɗan koma baya ka ga inda aka rabu.

Tashar talabijin ta farko a Najeriya ita ce WNTV ta Ibadan a 1959, Kaduna ta samu tata a 1962, aka haɗa tashoshin ƙarƙashin NTA a 1977. A lokacin wa yake maganar ɗaki na biyu? Akwati ɗaya ne a layi guda, yara cike da tsakar gida.

Da gidaje suka fara mallakar talabijin biyu, abin bai yi wuya ba. Eriyar nan mai kama da ƙashin kifi da ake ɗaurawa a kan dogon gora, wadda Yagi da Uda suka ƙirƙiro a Japan a 1926, tana kwaso duk tashoshin da ke iska ne a lokaci guda ta zubo su cikin waya. Talabijin ɗin ne da kansa yake zaɓar wadda zai nuna. Saboda haka da ka raba wayar, kowane ɗaki ya zama mai cin gashin kansa: a Kano misali, falo na kallon NTA, ɗaki na kallon CTV. Asarar kawai ita ce ƙarfi. Sifilita mai raba biyu yana ba kowane ɓangare abin da bai kai rabi ba, doguwar waya ta ƙara cinye wani, shi ya sa hoton ɗaki na biyu ya fi dishi-dishi. Daga nan busta ta samu kasuwa. Ita kuma wurinta kusa da eriya ne, kafin a raba. In ka saka ta a ƙarshen waya, har dattin hoton za ta ƙara wa ƙarfi.

Sai bidiyon kaset ya zo. A bayansa akwai wani rami mai suna RF OUT, wanda ke mayar da bidiyon kamar ƙaramar tasha a cikin gida, galibi a lamba 36 ta UHF. Ka ja waya daga nan, ka nemo lambar a ɗaya talabijin ɗin, shikenan. Amma fa lura: nan ne ɗaki na biyu ya fara rasa ’yancinsa. Abin da aka saka a falo shi za ka kalla. Risibobin dish na farko sun gaji wannan rami, suka gaji rigimar ma. Rimot yana hannun maigida yana kallon labarai, ana ta aiko yaro daga ciki a roƙa a canza tasha.

To me ya hana a raba wayar dish ɗin kanta? Ɗan kan nan da ke gaban dish, wato LNB, ba ya sauko da komai gaba ɗaya. Tashoshin kashi huɗu ne a wurinsa, kashi ɗaya yake turowa a lokaci guda. Risiba ce ke faɗa masa wanda take so, ta cikin wayar da hoton ke bi: ta tura masa wuta volt 13 ko 18, ta haɗa da sauti mai kilohaz 22 ko ta cire. In risiba biyu suna kan waya ɗaya, wannan ta ce 13 waccan ta ce 18, mai 18 ce za ta rinjaya, ɗayar ta rasa tashoshinta. Maganin da aka samo shi ne LNB mai baki biyu ko huɗu, kowane ɗaki da wayarsa da risibarsa, dish ɗaya ya isa. Masu karɓar kuɗi irin DStv, da ta fara a 1995, sun ƙara wani shingen, domin dikoda ce ke buɗe tashoshin da aka kulle. Tsarinsu na XtraView yana ba ka damar haɗa dikoda fiye da ɗaya a kan biya ɗaya, da ƙarin kuɗi duk wata.

Eriya ta dawo da StarTimes a 2010 da GOtv a 2011, sannan aka ƙaddamar da komawa tsarin dijital a Jos a 2016. A nan sifilita ya sake yin amfani, tunda eriya ce. Sai dai kowane ɗaki na buƙatar dikodarsa, kuma dijital ba ya dishi-dishi: in ƙarfi ya gaza, hoton ya daskare ko ya ɗauke gaba ɗaya.

Kuma kafin ka sayi doguwar waya, juya dikodarka ka duba. Da yawa daga cikin sababbi ba su da RF OUT, HDMI ce ta maye gurbinsa, ita kuma wayarta in ta wuce mita 10 zuwa 15 takan fara gardama.