Gudu Ba Takalmi: Abin Da Ke Faruwa Da Ƙafar Da Ta Saba Da Kambas

A gasar Olamfik ta 1960 a birnin Rum, wani sojan Habasha mai suna Abebe Bikila ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42 da 'yan kai babu takalmi a ƙafarsa, ya zo na ɗaya cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Har gobe duk mai gardamar cewa takalmi ba dole ba ne, sunansa yake fara kawowa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a 1964 ya sake cin gasar a Tokyo sanye da takalmi, kuma ya fi sauri da minti 3.

Bikila dai ƙafarsa ta saba da ƙasa tun yana yaro. Maganarmu a nan kan wanda ya daɗe yana gudu da kambas ne, wata rana ya ce bari ya cire.

Yadda ƙafa ke sauka

Mai gudu yana sauke ƙafa ne ta hanya uku: ko dunduniya ta fara taɓa ƙasa, ko tsakiyar tafin ƙafa, ko gindin yatsu. Takalman gudu na zamani, waɗanda suka yaɗu tun shekarun 1970, an yi musu tudun soso a baya, sau da yawa dunduniyar ta fi gaban tsayi da milimita 10 zuwa 12. Shi ya sa galibin masu sa su suke miƙe ƙafa can gaba su sauka da dunduniya, ba su jin komai.

A 2010 Farfesa Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka gwada masu gudu a Amurka da kuma 'yan ƙabilar Kalenjin a Kenya. Sun ga saukar dunduniya tana kawo wani bugu na farat ɗaya, wanda kan kai ninki ɗaya da rabi zuwa uku na nauyin jikin mutum, kafin ƙiftawar ido, ya bi ƙwauri ya haura gwiwa. Waɗanda suka saba gudu ba takalmi kuwa yawancinsu da gindin yatsu suke sauka, sannan dunduniya ta biyo baya a hankali, sai bugun nan ya kusa ɓacewa.

To ina ƙarfin yake tafiya? Agara ce ke ɗauka. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci ya san agara, jijiyar nan mai tauri da ake rataye cinyar sa da ita. Mu da muka tashi a kara mun saba ganin gaɓar nan ta ƙafar baya ta saniya da ke lanƙwasowa baya, da yawa suna ɗauka gwiwa ce, alhali dunduniyarta ce. Saniya a kan yatsunta take tafiya. Agarar ɗan Adam ma kamar roba take, tana miƙewa ta dawo. Wani bincike na Jami'ar Leeds a Ingila a 1987 ya ƙiyasta cewa agara na adana kusan kashi 35 cikin 100 na ƙarfin kowane taku ta mayar da shi, lanƙwasar tafin ƙafa kuma kusan kashi 17.

Ranar da aka cire takalmin

Jiki ba ya son zafi, don haka canji na farko nan take yake zuwa. Taku yana gajarta, yawan taku a minti yana ƙaruwa, ƙafa ta daina zarcewa gaba ta koma sauka kusa da ƙarƙashin jiki. Nauyin da ke kan gwiwa yana raguwa. Amma fa ba ɓacewa ya yi ba, gida ya sauya: ya koma kan idon sawu, da agara, da tsokar sharaɓa, da dogayen ƙasusuwan nan 5 da ke bayan yatsu. Shi ya sa washegari mutum ke tashi sharaɓarsa ta ɗaure tamau, sauka daga bene ma sai da dabara.

Kuma ba kowa ne ke canzawa ba, wannan shi ne wurin da masu tallar abin suke tsallakewa. A Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu an sa masu gudu da suka saba da takalmi horon sati 8 ba takalmi, ana ƙara musu a hankali. Wasu bugun ya ragu musu, wasu kuwa ƙaruwa ya yi, don sun ci gaba da dirka dunduniya alhali babu sosan da ke kare su. Ko a cikin waɗanda ba su san takalmi ba, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A 2013 an gwada mutum 38 'yan ƙabilar Daasanach a arewacin Kenya, kusa da Tafkin Turkana, aka ga kusan kashi 72 cikin 100 da dunduniya suke sauka idan suna gudun da ba na sauri ba. Ke nan saurin gudu da taurin ƙasa suna da nasu hannun a ciki.

Ƙashi ba ya gaggawa

Ƙafa ɗaya tana da ƙashi 26. Salon taku kan canza cikin kwana ɗaya, tsoka ta yi ƙarfi cikin makonni, amma ƙashi da jijiya watanni suke so. A tsakanin nan ake jin ciwo.

Bayan littafin Born to Run na Christopher McDougall ya fito a 2009, wanda ya ba da labarin mutanen Tarahumara na Meziko masu dogon gudu da siririn takalmin da ake yankowa daga taya, sai Turawa suka yi ca a kan takalma marasa soso, musamman Vibram FiveFingers mai gidan kowane yatsa daban. A 2013 masu bincike a Jami'ar Brigham Young ta Amurka suka ɗauki hoton cikin ƙafar masu gudu 36 kafin da bayan sati 10. Cikin 19 da suka koma siririn takalmin, 10 sun nuna kumburi a cikin ƙashi, alamar ƙashin yana wahala, har biyu daga cikinsu ya tsage. Cikin 17 da suka zauna da takalmansu, mutum ɗaya ne kawai. A 2014 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 3.75 don kashe ƙarar da aka kai shi kan tallar cewa takalmin na rage rauni yana ƙarfafa ƙafa, ko da yake bai amsa laifi ba.

Batun sauri kuma, gaskiya ne kowane giram 100 na nauyin takalmi yana ƙara wa mai gudu kusan kashi 1 cikin 100 na iskar da yake buƙata. Sai dai gwajin da aka yi a Jami'ar Colorado a 2012 ya nuna mara nauyin takalmi mai ɗan soso ya fi ƙafa zalla sauƙi, domin in babu soso tsoka ce ke yin aikinsa. Ku duba 'yan Kenya da Habasha da ke zuwa gudun fanfalaki na Legas tun da aka fara shi a 2016, da takalmi suke cinyewa.

A ganina amfanin abin yana wurin horo ne. Wanda gwiwa ke damunsa zai iya samun sauƙi idan ya koyi gajeren taku, kuma ƙananan tsokokin tafin ƙafa suna ƙarfi idan aka bar su suka yi aiki. Mai son gwadawa ya fara da tafiya, sannan gudun minti biyu zuwa biyar a fili mai ciyawa, ya bar kwana ɗaya ko biyu a tsakani. Ciwon sharaɓa na kwana biyu ba abin tsoro ba ne. Amma zafi a wuri ɗaya a saman ƙafa, wanda in ka danna da yatsa sai ka zabura, wannan a tsaya a je asibiti, don haka tsagewar ƙashi ke farawa.

Sai kuma ƙasar da muke takawa a nan Kudu. Fasasshiyar kwalba da ƙusa ba sa wuyar samu, kuma akwai tsutsar ciki mai shan jini da ke shiga ta fatar ƙafa a jiƙaƙƙiyar ƙasar da aka yi bahaya. Mai ciwon suga kam kada ya fara, domin cutar kan kashe jin ƙafa, ƙaya ta soke shi bai sani ba sai wurin ya zama gyambo.